Kwanon Cika-ciki

Bahiya, ƙetaren teku, watan Zulƙida, Hijira 1276

Daga Yahaya ɗan dako zuwa ga Goggo Laraba a Kashuwera. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fata ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Ni lafiyata lau, sai ciwon wuya, shi kuwa gadon kowane ɗan dako ne. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a allo ba aka kama ni.

Ɗanbaba mai jirgi ya ce kina son ɗora tukunyar sadaka saboda masu gudun fari da ke saukowa garinku, kina tambayar yadda muke yin tamu. Kafin in faɗi komai, bari in gaya miki abin da na gani wata Talata da safe.

Na sauko daga saman gari rana ba ta gama fitowa ba, zan je bakin jirage neman dako. A gindin matakalar da muke ɗora tukunya na tarar da wani mutum zaune, ya jingina da bango, kwano a cinyarsa. Na san shi. Daga cikin ƙasa ya fito, ya iso mana ƙafa a kumbure, haƙarƙarinsa kamar saƙar kwando. Mu muka ciyar da shi wake da manja da garin rogo. Ya cinye aka ƙara, washegari aka sake ƙarawa. Har murna muka yi, muna cewa ga ɗaya mun ƙwato. Na yi masa magana da yarensu bai amsa ba. Na taɓa kafaɗarsa na ji ta yi sanyi. Cikinsa a cike tam, ga sauran wake a kwanon.

Inna Altine, tsohuwar da ke kula da tukunyarmu, tana kwance da zazzaɓi a kwanakin, ba ta ga rabon ba. Da aka kira ta, ta zo da sandarta, ta danna ƙafar mamacin da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta dube mu ta ce, “Ba yunwa ce ta kashe shi ba. Mu ne.”

Ta ce tana yarinya a gida an taɓa tsare garinsu da yaƙi har aka ci ganyen kuka ɗanye. Ranar da aka buɗe ƙofa, waɗanda suka auka wa tuwo su aka fara binnewa. Ta ce cikin da ya daɗe a rufe kamar sabuwar tukunyar ƙasa yake, in ka haɗa mata wuta gaba ɗaya sai ta fashe.

Tun daga ranar ta hana kowa riƙe ludayi sai wanda ta koyar. Muna zuwa wurinta bayan la’asar, mu ’yan dako da mata masu talla. Ta koya mana duba ƙafa da leɓe da ƙwayar ido. Wanda yunwar yini ko ta jiya ke damunsa, a cika masa kwano. Wanda ya daɗe, sai kunun shinkafa tsararo da ɗan gishiri da ɗan mazarƙwaila, ludayi ɗaya, a bar shi ya huta, a sake ba shi. Haka za a yi ta yi har ƙafar ta saɓe, sannan a kaurara kunun, sannan tuwo mai laushi. Tukunyar wake ma ta sa an mayar bayan bango, inda iska ba za ta kai musu ƙamshi ba.

Abin da ya fi wuya shi ne koyon hani. Inna takan kwanta a tabarma ta yi kamar mayunwaci, tana kama ƙafar mutum tana cewa don Allah, don Annabi, ko loma ɗaya. Duk wanda ya miƙa mata, sai ya sha ludayi a ka. Zainabu mai ƙosai ta fi kowa shan duka. Ta ce ita hannunta ne ke miƙewa da kansa. Inna ta ce to ta zauna a kansa.

Garin rogo da shinkafa muna tara su a wani ɗaki ƙarƙashin bene. Kowace ƙungiyar ’yan dako tana kawo abin da ta iya, Yarabawa ma suna kawowa. Mun ɗora buhunan a kan katako saboda danshi. Ke ma ki yi haka.

Maganar Yaya Muhammadu kuwa, na san ba kya kama sunansa, ɗan fari ne, amma ni zan kama. Duk wanda ya fito daga ramukan lu’ulu’u ina tambayarsa. Har yanzu babu wanda ya gan shi. Idona yana kan kowace fuska.

Allah ya bar zumunci.

Kashuwera, bayan Babbar Salla

Daga Laraba zuwa ga ɗana Yahaya. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Malam Ibrahim ne ke rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana. Ƙafa tana nan yadda ka san ta. Wuyanka kuwa ka shafa man ja da zafinsa, ka daina ɗaukar na mutum biyu don a ce kai jarumi ne.

An karanta mini takardarka har sau biyu. Allah ya ji ƙan bawan nan nasa. Amma Yahaya, tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an ce abinci ya kashe mayunwaci ba. Kwanansa ne ya ƙare. Altine kuwa na san ta kafin a haife ka, cikin jirgi ɗaya aka kawo mu, gida ɗaya aka sayar da mu. Macen da take lashe ludayi ta rataye, ta sauko da shi ta sake lasa. Yau rowarta ta samu malamai da almajirai, har da duka. Ka gaishe ta, ka ce ina tambaya ko har yanzu tana ƙirga ƙwayar wake.

Na ɗora tukunyata a bakin gada, ni da mata huɗu. Maganar katako na ɗauka, ta yi amfani. Sauran na bar muku. Mutum ya taka daji da ƙafarsa, ya binne ’ya’yansa a hanya, ya zo gabana in ba shi ruwan wanke shinkafa? Da wane ido zan dube shi? A gidan ubana ba a taɓa ganin gindin kwanon baƙo ba. Duk wanda ya zauna gabana sai ya ture kwano da kansa. Suna ci, suna sa albarka da yarensu, washegari da yawa ba na sake ganinsu, na san sun samu ƙarfin wucewa wajenku.

Mun haɗu gida uku mun yi layya da ɗan rago. Na soya jelar na ajiye saboda Cika-ciki, kamar yadda ake yi a gida. Na ƙara da wani abu na ɓoye a tulu saboda yaron nan, ko Allah zai kawo shi. Damina biyu ke nan da tafiyarsa. Ba na tambayar kowa, amma duk wanda ya hau gadar nan sai na dubi tafiyarsa. Yana ɗan jan ƙafar hagu, in ka manta.

In ka gan shi, ka riƙe shi kamar yadda zan riƙe ka.

Bahiya, ƙarshen Zulhajji

Daga Yahaya zuwa ga Goggo. Gaisuwa da ban girma. Wuya ya yi sauƙi, na gode da maganin.

Goggo, ki yi hamdala. Yaya Muhammadu yana ɗakina, da ransa.

Ta tafiyar na gane shi, don fuskar ba tasa ba ce. Ya sauko daga wani jirgin gawayi yana bin bango. Da na kira sunansa sai ya juyar da kai. Ya ce ta garinku ya biyo, ya hango hayaƙin tukunyarki daga bakin gada, ya ja tsumma ya rufe fuska ya wuce. Ya ce wanda ya tafi neman lu’ulu’u ba zai koma wurin uwarsa da kwanon bara ba. Kada ki riƙe shi da wannan.

Inna Altine ta danna ƙafarsa, ta lotsa har ƙauri. Ta ce bai kai wancan mutumin na matakala ba, amma ƙanensa ne. Mun sa shi a kunu. Ya zage ni, ya ce ni ba jininsa ba ne, ya ce ko Turawan ramuka sun fi ni tausayi. Na ce na ji, buɗe baki. Ina ba shi da hannuna kafin in fita dako, in na fita Zainabu ce ke zama a ƙofa.

Ga abin da nake so ki ji da kyau. Kunun yana aiki. Ƙafar ta fara yamushewa. Jiya ya tashi da kansa ya je bakin ƙofa ya sha iska, har ya tsokani Zainabu, ya ce ƙosanta ne ya kori ruwan sama. Inna ta ce in aka ci gaba a haka, kafin wata ya raba zai ci tuwo, kafin watan ya mutu zai hau jirgi ya zo miki da ƙafarsa.

Na san Cika-ciki na tafe, na kuma san abin da ke cikin tulunki. Don girman Allah kada ki aiko da komai. Bana ba zai cika ciki ba. Baɗi in Allah ya kai mu, ya ci na shekara biyu a gabanki.

Ɗanbaba ya leƙo ya gan shi, amma ya ƙi karɓar takarda. Ya ce dakarun gari suna binciken jirage, kuma kin san abin da ake yi wa wanda aka kama da rubutunmu. Na gaya masa da baki, ban sani ba ko ya riƙe. Zan ba wani mai jirgin taba wannan, ya cusa cikin ɗauri.

Kashuwera, farkon watan Cika-ciki

Daga Laraba zuwa ga Yahaya. Lafiya lau muke. Malam ya ce in fara da sa albarka, na ce ya rubuta abin da na faɗa.

Ban ga takarda daga gare ka ba. Daga bakin Ɗanbaba na ji. Ya ce yaron nan yana ɗakinka kwance a tabarma kamar itace, yana kuka yana roƙo, kai kuma kana ɗiga masa ruwa a baki, alhali tukunyar wake tana tafasa a bayan bango ana zuba wa waɗanda ba a san iyayensu ba. Ya ce har ka ce a gaya mini kada in aiko wa ɗana abinci.

Ni za ka aiko wa wannan saƙo? Ranar da aka sauke ka daga jirgi kana yaro, cikinka kamar ƙwarya, wa ya ji ka ambaci garin kakanninmu ya bi ka har gidan da aka kai ka? Wa ya dinga sato maka tuwo a bakin zane? Da ludayin Altine na yi maka awo, da yau babu mai ɗaukar dako.

Da ƙafata za ta kai ni, da ni za ka gani ba takarda ba. Na ba Ɗanbaba kwano. Jelar layya ce, da dambun nama, da wake da manja, da garin rogo da na soya yadda yake so. Kowa ya sani, wanda bai cika cikinsa ranar Cika-ciki ba, ba shi ba ƙoshi a shekarar. Yaron nan ya yi yunwar da ta ishe shi, ba zan bari ya ɗauki ta wata shekarar ba. Na rantsar da Ɗanbaba a hannunsa zai sa, ba naka ba, ba na Altine ba.

Kwanon uwa ba a tare shi a ƙofa. Ko a nan ƙasar da aka raba mu da komai, wannan ba a raba mu da shi ba.

Bahiya, tsakiyar watan Cika-ciki

Daga Yahaya zuwa ga Goggo. Gaisuwa, da ta’aziyya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Yaya Muhammadu ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Mun yi masa sutura yadda ya kamata, an yi salla a cikin ɗaki ƙofa a rufe. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri.

Na daɗe riƙe da alƙalami. Na so in rubuta miki cewa zazzaɓi ne in tsaya nan. Da ke kaɗai ce, da haka zan yi. Amma akwai tukunya a bakin gada, kuma gobe ma za a zauna gabanta.

Kwanon ya iso ranar Cika-ciki da la’asar. Ina bakin jirage ƙarƙashin buhun sukari, Inna tana ɗakin ajiya. Zainabu ce a ƙofa. Ɗanbaba ya ajiye ya ce saƙon uwa ne, ya sauke amana, ya juya. Zainabu ta ce ta ɗauka za ta kai wa Inna, sai ƙamshin ya riga ta shiga ɗaki. Yaya ya ɗago kai ya ce, “Wannan hannun Iya ne.”

Ta ce masa ya bari in dawo. Bai yi mata kuka ba, bai roƙe ta ba. Da roƙo ne, ta koyi yadda ake yi da shi. Tambayarta ya yi, a hankali, “Zainabu, ke za ki tsaya tsakanina da kwanon uwata ranar Cika-ciki?”

Inna ta koya mana hana mai kama ƙafa, da mai zagi, da mai haɗa mu da Allah. Wannan ba ta koya mana ba, don ba ta zo mata a rai ba. Ni ma da ni ne a ƙofar, ban san abin da hannuna zai yi ba.

Da na dawo ya ci rabi. Ya ce ya ƙoshi aka ɗauke kwanon, ashe ya zuba sauran a tsumma ya tura ƙarƙashin tabarma, washegari ya ƙarasa. Ki sani, Goggo, ya ci da farin ciki. Tun da ya zo ban ga fuskarsa irin ta ranar ba. Ya yi ta ba ni labarin yadda kike korarsu daga bakin murhu da muciya. Ya ce in gaya miki garin ya soyu daidai.

Daga nan ƙafar ta sake hawa, har ciki, har fuska. Numfashi ya dinga yi masa wuya, in na sa hannu a ƙirjinsa sai in ji kamar tsuntsu a cikin kwando. Inna ta yi duk abin da ta sani. Ko Zainabu ba ta doke ta ba. Hankalinsa bai gushe ba sai a ƙarshe, kuma ya yi kalmar shahada.

Kwana ne ya ƙare, na yarda, babu mai ƙara wa wani numfashi. Amma abin da na gani a ɗakina shi ne abin da na gani a gindin matakala. Ban faɗi wannan don in ɗora miki kaya ba. Ke kika ciyar da ni a bakin zane, ban manta ba. Yunwata a lokacin ta yaro ce mai samun kaɗan kullum. Tasu ta wanda ya yi watanni yana cin saiwa ce.

Kwanonki yana wurina, na wanke.

Kashuwera, ƙarshen watan Cika-ciki

Daga Laraba zuwa ga ɗana Yahaya. Na karɓi gaisuwa. Allah ya ba ka ladan sutura.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Mai jirgin taba ya manta da tasa a cikin ɗauri, sai da aka kwance aka gani. Na sa Malam ya fara da ta farkon. Na ji yadda ya tashi ya je bakin ƙofa ya sha iska. Na ce ya tsaya nan, na zauna da ita yini guda kafin a buɗe ta biyun.

Na aiki mace ta bi bayan kasuwa da ƙarƙashin gada ta tambayi masu haƙa kabari. Waɗanda nake cewa sun wuce wajenku, ba duka ne suka wuce ba.

Jiya na ce wa matan nan a dama kunu tsararo. Sun ce baƙin ciki ya taɓa ni. Ɗaya ta ce da bakina na ce musu rowar Altine ce. Sun ce maganar yaro ɗaya ɗan dako ba za ta sa su ba baƙo ruwa ba, suka cika kwanoni ina kallo. Ba ni da ƙafar da zan tashi in ƙwace.

Ka rubuto mini wa da wa suka ga mutumin nan na matakala bayan kai, mutanen da za a ji sunansu a yarda. Ka ce wa Altine ba na tambayar ƙwayar wake.

Muhammadu. Malam, rubuta shi haka. Muhammadu ɗana.

Bahiya, farkon watan Safar

Daga Yahaya zuwa ga Goggo. Gaisuwa da ban girma. Allah ya ƙara haƙuri. Muna lafiya. Inna Altine ta ce in gaishe ki, ta ce wuyan aikin ba a kunu yake ba, a ƙofa yake. Ta ce ki kwanta musu a tabarma ki roƙe su, ƙafa ba ta hana wannan. Yanzu ta ƙara wani darasi: takan rufe kwano da faifai ta ba wani ya kawo, ya ce daga uwa ne. Ana koyon a karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a ɗebi ɗan romo a ɗiga cikin kunun don ya ji hannun gida, sauran a kai bayan bango.

Kin tambayi shaidu. Waɗanda suka tsaya a gindin matakala a safiyar Talatar nan su ne: Inna Altine, ita ta danna ƙafar. Sulaimanu shugaban ƙungiyarmu ta dako, wanda matanku suka sani don ƙanwarsa na aure a garinku, shi ya kama kafaɗu na kama ƙafafu. Wata Bayarabiya mai sayar da lemo, ban san sunanta ba, ita ta ba da zanen da aka rufe shi.

Sai Zainabu mai ƙosai. Ita ta cika wa mutumin kwano, ita ta shafe masa ido. Ita ce kuma ta shafe wa Yaya. Ta roƙi Inna ta bar ta ta zo, tana cikin jirgin da ya kawo miki wannan takarda, kwanonki a hannunta. Su tambaye ta. Ita sau biyu ta gani.